Kububuwa a Ƙarƙashin Tumbina

Mutanen garinmu sun ce ban taɓa kama ƙaramin kifi ba. Ko kawara ce mai tsawon yatsa, kafin labarinta ya isa kasuwar Hadejia a bakina ta zama wadda sai da ƙarti suka kama mini muka fito da ita. Ban musa ba. Baki ne Allah ya ba ni, kifin kuma bai taɓa kai ni ƙara ba. Amma wannan da zan faɗa ko gishiri ban barbaɗa masa ba.

Zamanin Turawa ne, shekarun da ake ɗibar samari soja ana ƙetare teku da su. Ina da aure da 'yar jaririya, muna zaune a ƙauyenmu gabas da Hadejia, ta wajen hanyar Guri, inda fadama ke farawa daga bayan danga. Noma muke yi, amma in ruwa ya zo kowa masunci ne, kuma su da gora muke yi.

Wanda bai san gora ba, ƙaton duma ne, wani ya kai randa, a fafe masa baki a sama daidai shigar hannu da kifi. Mutum ya kifa cikinsa a kan bakin, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa kamar kwaɗo. Cikinka shi ne murfi, in ka ɗaga shi babu lissafi ruwa ya shiga, kai da goran ku je ku gaida ƙasan kogi. Mu a wajenmu muna shimfiɗa fatar akuya tsakanin ciki da bakin don kada kaifinsa ya ci mutum. Muna kuma cusa busasshiyar ciyawa a ciki, don kada kifin da aka kama ya yi ta dukan bango yana korar 'yan'uwansa. Sai igiya, wadda ake ɗaurawa a ƙugu a haɗa da goran, ƙullin a gaba ƙasan cibiya, saboda in ruwa ya kifar da kai kada goran ya tafi Guri ya bar ka. A harkar murfi kuwa ba ni da na biyu. Tun ina saurayi Allah ya hore mini tumbi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata wanda ya koya mini su, yakan ce in na kwanta a kan gora ko aljani ba shi da ƙofar shiga.

Lokacin da fatsa ta fi ci shi ne in damina ta kankama, sabon ruwa ya gangaro daga yamma ja wur, ya cika kogi ya fara malala cikin ciyawar burugu. Kwanakin farko ruwan dagwalo ne, kifi ba ya gani, sai tarwaɗa mai bin wari. Amma in ya ɗan kwanta ya fara washewa, aka yi ruwan sama kafin asuba, gari ya waye lumshi ba iska, to shinge, garar nan mai fiffike, zai tashi daga suri ya riƙa zuba a kan ruwa, ga fara da ambaliya ta koro daga ciyawa. Nan kawara za ta taso sama tana cafka, fadama ta riƙa ɓal-ɓal kamar tukunyar talge. Abin ba ya daɗewa. Rana na ɗagawa an tashi kasuwa.

A daminar da ta gabaci wadda abin ya faru wani Bature mai duba gonaki ya sauka kusa da mu, muka gan shi a bakin kogi yana wulwula wata siririyar igiya a sama kamar mai korar tsuntsaye. Ƙugiyarsa ba tana ba fara, gashin tsuntsu ne aka ɗaɗɗaure ya yi kamar ƙwaro. Muka taru muna dariya, sai muka ga yana ta cire kawara ɗaya bayan ɗaya, dariya ta ƙare. Ni dai abin ya tsaya mini a rai. Na shekara ina bin zabin matata ina fige su, har in suka hango ni sai su haye rufin ɗaki. Na ɗaura ƙugiyoyina da zare, na soke na ajiya a bakin bantena, ina jiran ranar shinge.

Wanda ya fi kowa yi mini tsiya a kan wannan shi ne ɗan Kawu, taubashina. Shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, saboda haka bawansa yake kirana, duk abin da ya yi mini kuma ba a shiga. Gorunanmu a kan wata bishiyar giyayya muke rataye su a bakin mashiga, don sabon ruwa yana koro duk abin da ke cikin rami zuwa tudu. To, ana gobe ranar shinge, da yamma, sai ya sauke nawa ya kai shi gindin wani tsohon suri ya cusa cikin ciyawa, don kawai ya ga ina nema.

Gari ya waye yadda na faɗa, lumshi, shinge na zuba. Kowa ya sauke goransa ya faɗa ruwa, ni ina ta zagayen giyayya ina zage-zage, shi yana can cikin burugu yana tambayata ko in hau zabuwa ne in biyo su. Da na gano goran, abin da aka saba shi ne a zazzage ciyawar ciki a sake cusawa. Amma ranar shinge ba wanda ke tsayawa wannan. Na ƙwanƙwasa shi, na girgiza, ban ji komai ba, na jefa wuƙata ciki yadda na saba, na ɗaura igiya, na shimfiɗa fata, na kifa ciki.

Gashin zabuwa ya yi aiki, wannan a rubuta. Ina wurgawa kawara ta cafke. Na cire ta, na ɗan karkata, na ɗaga gefen fatar, na zura hannu har wuyansa na sake ta ciki. Na sake wurgawa, wata ta cafke. Haka na yi ta zura hannun nan ina fitarwa, ina waƙa a zuci, ina shirya irin abin da zan faɗa wa taubashina. Na matsa can gefen burugu inda ruwa ya fara ja, don a nan manya suke.

Ina sakin wata mai ƙarfi a ciki, tana fara buge-buge, sai na ji wata ƙara daga ƙarƙashina, kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Ta tsaya. Ta sake tashi. Ba da kunne kawai na ji ta ba, ta cikin goran ta biyo ta shiga hanjina. Duk wanda ya taɓa ɗaga dami a gona ya san wannan ƙarar. Kububuwa ce ke goga jikinta in ranta ya ɓaci.

Hannuna na dama, wanda ya fito daga ciki yanzun nan, na ɗaga shi ina kallo kamar na wani. Sai na danna tumbina a kan fatar da duk nauyin da Allah ya ba ni, na daskare.

Abu na farko da ya zo mini shi ne in mirgina in faɗa ruwa in bar mata goran. Amma ina ɗaure da shi. In na sauka fatar za ta zame, ta fito, ni kuma ina maƙale a gefenta da igiyar da ba ta fi kamu biyu ba. Ƙullin yana ƙarƙashin cikina, ya jiƙe ya kumbura. Wuƙar da zan yanka da ita tana ciki, wajen mai gidan. Tuƙi kuma ba dama, don duk bugun ƙafa sai ciki ya motsa, fatar ta ɗan buɗe.

A kan ruwa ranar shinge ba a ɗaga murya, ni ma ko an ce in ɗaga ba ni da ita. Na yafuto taubashina da yatsa. Ya matso yana murmushi.

"Bawana, yaya? Giwan ruwa ne ya haɗiye gashin zabuwar?"

Na ce, "Akwai kububuwa a cikin goran nan."

Ya yi dariya har goransa na rawa. Ya ce bara kada ne ya yi mini sallama ya tambayi mutanen gida, bana kuma kububuwa, baɗi sai dorina ta nemi aurena. Na ce ya kawo kunnensa kawai. Ya matso don ya ƙara samun abin tsiya, ya manna kunne a jikin goran. Kawara ta buga a ciki, ƙarar ta sake tashi. Na ga fuskarsa ta yi toka, na ga ya tuna inda ya kwanar da goran.

"Kada ka motsa, ɗan'uwa," in ji shi. Bai taɓa kirana haka ba, wannan ya fi ƙarar ba ni tsoro. Ya juya ya nufi inda Kawu yake, can nesa cikin burugu.

Aka bar ni ni kaɗai. Ban san tsawon lokacin ba, a lissafina dai an yi damina biyu. Ruwa ya riƙa jana a hankali daga cikin ciyawa zuwa tsakiyar kogi, inda yake gudu yana murɗawa. Fatsa na hannuna na hagu, na manta da ita, sai wata kawara ta cafki gashin ta fizga, jikina ya girgiza, na ji wani abu ya buga fatar daga ƙasa, daidai cibiyata, kamar an ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. Na saki sandar ta tafi. Kifi ne ya yi tsalle ko ita ce ta kai sara, ban sani ba. Aka sake ƙwanƙwasawa.

Sai na tuna fatar nan tana da huji. Ɓera ya ci ta da rani, wajen faɗin ƙwayar gyaɗa, kullum ina cewa zan ɗinke. Da safe cikin sauri ban duba ta wane gefe na shimfiɗa ba. Hujin na iya kasancewa can a gefe yana lilo cikin ruwa, yana kuma iya kasancewa a tsakiyar baki, naman cikina ya ɗan leƙa ta ciki kamar mai sallama.

Akwai wani maƙwabcinmu da kububuwa ta sara lokacin girbi. Ya dawo gida da ƙafarsa yana cewa ba komai, har ya ci tuwo. Daga baya jini ya fara fita daga dasashinsa, sai tsofaffin tabon da ya manta da su suka buɗe, har shasshawar fuskarsa. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Wannan fuskar ce ta yi ta zuwa mini a kan ruwa. Na so in karanta abin da na sani, sai na ga ko numfashi ciki yake ɗagawa, na koma shaƙar iska kaɗan-kaɗan ta hanci kamar mai shan kunu da zafi. Shinge ya riƙa sauka a fuskata yana yawo a gefen hancina. Ban taɓa roƙon Allah wani abu da gaske kamar yadda na roƙe shi ya hana ni atishawa ba. Na yi tunanin jaririyata, wadda ko zama ba ta fara ba, na ce shi ke nan, za a ce mata ubanta maciji ya sare shi a tsakiyar kogi, ta ɗauka ɗaya ce daga cikin ƙaryata.

Can ƙasa akwai wata bishiya da ruwa ya kayar, rassanta a tsaye, ruwa na bugunsu yana kumfa. Can na nufa, kuma na san goran na taɓa reshe zai juya.

Ban ji zuwan Kawu ba, sai dai na ga hannunsa ya dafa goran ya tsayar da shi a hankali. Mutum ne marar yawan magana, siriri kamar sandar fatsa. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Ta taɓa ka?"

"Ban sani ba, Kawu."

"To, za mu sani. Kai dai zama murfi, aikin da ka iya."

Ya ce da ɗansa ya kama ƙafafuna ya riƙa tuƙi da baya don kada mu kai ga bishiyar. Shi kuma ya kwance igiyar ƙugunsa da ta ɗansa, ya miƙa masa nasa goran, ya sulale cikin ruwa da wuƙa a baki. Abin da ya yi niyya shi ne ya ɗaure fatar a kan goran kamar yadda ake rufe ganga, ni ina kwance a kai. Ya huda gefen fatar da ke lilo ta dama, ya zura igiya, ya nutse ya bi ta ƙarƙashi ya ɓullo ta hagu, ya huda can ma. Ya yi haka ta gaba da ta baya. Tsoho ne, ruwan kuma na gudu, duk fitowa sai na ji numfashinsa na ƙara gajarta. Duk taɓa goran da ya yi, ƙarar sai ta tashi.

Da ya gama zurawa sai ya ce fatar ba za ta ɗame ba muddin na danne ta, sai na ɗan sassauta ya ja. Na ce Kawu, a bar ni haka, zan iya zama a nan har kaka. Ya ce ba ya da numfashin wasa. Taubashina ya matso gefena, na dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya, na tattara tumbin nan na shanye shi ciki, abin da ban taɓa yi ba ko ranar aurena. Fatar ta ja a ƙarƙashina, tana gogar fatata. A daidai nan aka buga daga ƙasa da ƙarfi, sau biyu, na ji wani abu ya tsikare ni gefen cibiya. Kawu ya ƙulle. Ya zura wuƙa ta bayana ya yanke igiyar ƙuguna, ya ce in zame ta baya kamar mai sauka daga jaki. Na zame. Goran ya taso ya tsaya cak a kan ruwa, a rufe ruf.

Na rungumi gefen goran taubashina ya ja ni, Kawu na tura nawa goran da tsinin sandar fatsarsa, har muka kai wani tudu mai goruba a tsakiyar ruwa. Nan Kawu ya kwantar da goran a gefe, ya ɗaura wuƙa a bakin sanda ya tsinke igiyoyin daga nesa. Kawara suka zubo, wasu na motsi, wasu sun sandare. Sai ta biyo baya, a hankali, kamar wadda aka tasa daga barci ba da son ranta ba. A kasuwanni na sha mai da ita kaurin azara, amma tun da wannan a takarda za a rubuta, tsawonta bai fi kamu ɗaya da 'yan yatsu ba. Taubashina ya yi ta dukanta da reshen goruba har bayan ta daina zama maciji.

Ina shirin yin hamdala sai na ga Kawu na kallon cikina. Gefen cibiya akwai ɗigon jini biyu, kusa da juna. Ya ɗauko fatar ya ɗaga ta a rana, hujin ɓeran na nan kusa da tsakiya. Ya duba bakin bantena, ƙugiyoyin gashin zabuwa na nan a soke, tsininsu a waje, su ma daidai wurin. Ya ce ko wannan ko wancan. Saran kububuwa ba ya ɓuya, in ji shi, wurin zai ɗau zafi kamar an ɗora garwashi, ya kumbura, daga baya jini ya nuna a baki. Ya yi tofi ya shafa, ya ce in zauna a inuwa kada in yi tafiya, ya tsinko ganye ya ce in tofa yawu a kai.

Na tofa. Ja wur.

Taubashina ya zube a ƙasa ya kama ƙafata yana kuka, yana cewa in yafe masa, shi ya kashe ni, zai riƙe 'yata kamar tasa. Ni kuwa duniya ta yi mini nisa, har na fara jin zafin garwashin da aka faɗa. Kawu ya kama haɓata ya ce in buɗe baki. Ya leƙa, ya sa yatsa, ya zaƙulo wani ɓarin goro da na cusa a kunci tun da asuba, tsoro ya mantar da ni shi.

"Kurkure bakinka," ya ce, "ka sake mutuwa daga farko."

Ba wanda ya yi dariya sosai, don ɗigon jinin na nan. Muka zauna jira. Matsalar ita ce ba wanda zai iya cewa cikina ya kumbura ko bai kumbura ba, tun da kullum a kumbure yake. Sai taubashina ya ɗauki guntun igiya ya zagaya ni da ita ya ƙulla alama, jim kaɗan ya sake aunawa. In na ja numfashi ya ce ya ƙaru, in na saki ya ce ya ragu. Ni kuma duk ƙaiƙayi, duk motsin hanji, sai in ce ga shi nan ya fara. Na tofa yawu a kan ganye har na ƙarar da na wata ƙaramar bishiya. Rana ta take, muka yi azahar, ni a zaune. Inuwar goruba ta juya. Wajen la'asar Kawu ya danna wurin da babban yatsa, ya tambaye ni ko da zafi. Na ce kaɗan. Ya danna ɗaya gefen, inda ba komai, na ce nan ma kaɗan. Ya ce in tashi, yunwa ce.

Sai maganar komawa gida. Tsakaninmu da mashiga ruwa ne shimfiɗe, ba jirgi, gora uku, mutum uku. Na ce da taubashina mu yi musaya, ya ce ya yarda ya riƙe 'yata amma wannan kam a'a. Kawu ya sa na zazzage ciyawar da hannuna, na leƙa ciki, na juya shi ga rana na sake leƙawa, na zura sanda na kewaya, na sake leƙawa. Ya ce in na ƙara leƙawa sau ɗaya zai tafi ya bar ni in kwana da goruba. Aka haɗa guntayen igiya aka ɗaura mini, na shimfiɗa fatar, hujin can gefe inda nake ganinsa, na tsaya cikin ruwa iya gwiwa ina kallon bakin goran. Sannan na yi bisimilla na kifa cikina a kai. Ban iya buga ƙafa ba ko sau ɗaya. Kawu ya kama igiyar ya ja ni a baya har gida, kunnena na manne da goran.